Kundin aikin tattara tatsuniyoyin Zangon Kumasi

Asabar, 6 ga Janairu, 2024

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa rubuta yadda aikin tattara tatsuniyoyi daga bakin tsofaffin Zangon Kumasi yake tafiya, saboda 'yan'uwan da suka haɗa mini sidi 3,000 su san inda kuɗinsu ya shiga, kuma wanda zai yi irinsa a Nima ko Tamale ya sami abin dubawa. Niyyata ita ce in naɗi muryoyin masu ba da tatsuniya a Aboabo da Asawase da Sabon Zango kafin azumi ya kama, in mayar da su rubutu, sannan in duba jigogin da suke yawan dawowa a cikinsu da kuma salon da ake bi wajen bayar da su.

Kumasi ta dace da wannan aiki domin a nan ne Gizo da Ananse, gizo-gizon tatsuniyoyin Asante masu ƙasar, suka daɗe suna maƙwabtaka. Kakanninmu fatake sun biyo hanyar goro zuwa Gwanja, kuma da yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, da yawansu suka gangaro kudu suka zauna a Kete Karachi da Kumasi da Accra. Sun zo da tatsuniyoyinsu, suka tarar da masu ƙasa da nasu, ga kuma Mosawa da Dagomba da Zabarmawa da Yarabawa da aka haɗa tsakar gida da su. Abin da nake son sani shi ne me wannan zaman ya yi wa tatsuniyarmu.

Ba ni ne farkon mai wannan ƙoƙari a ƙasar nan ba. Tatsuniyoyin Hausa da R. S. Rattray ya buga a 1913 wani Malam Shaihu ne ya rubuta masa su da ajami a nan Gwalkwas, wato Ghana ta yau. Sai dai alƙalami bai iya kama murya da waƙa da amshin yara ba, kuma wannan ne nake fatan na'ura za ta kama.

Kashe-kashen farko: rakoda sidi 900, makirufo 250, katin ajiya 110.

Talata, 9 ga Janairu

Na kai gaisuwa wurin Magajiyar unguwa da ƙullin goro. Ta saurari bayanina har ƙarshe, ta ambata mini mata huɗu da aka san su da tatsuniya tun suna amare, ta ƙara da wani tsohon tela a Sabon Zango. Ba zan sa sunan kowa a nan ba. Sana'a ko unguwa ta isa.

Asabar, 13 ga Janairu

Zaman farko da Hajiya mai goro a Aboabo, kuma bai ba da abin da nake nema ba. Ita ce ta sa lokacin bayan La'asar, domin ciwon gwiwa ba ya barinta zaman dare idan hunturu ya yi tsanani. Kafin ta fara sai ta kama bakin mayafinta ta ƙulle, ta ce ta ɗaure Gizo, saboda tun suna yara an gaya musu wanda ya yi tatsuniya da rana ɓacewa zai yi. Da dariya ta faɗa, amma ba ta kwance ƙullin ba sai da ta gama.

Ta ba ni tatsuniyar 'yar bora da aka tura wankin ƙirgi a ruwan Bagaja, sai dai cikin abin da bai kai minti biyar ba ta ƙare. Yarinya ta tafi, ta yi ladabi, ta dawo da dukiya; 'yar mowa ta tafi, ta yi rashin kunya, ta dawo da wahala. Babu waƙa, babu sauya murya, ba ta ma buɗe da "ga ta nan" ba. Da na tambaye ta waƙar da yarinyar take rerawa a bakin kowane kogi, sai ta dube ni ta ce, "Ɗana, wa zan rera wa? Kai da wannan 'yar na'urar taka? Waƙar tatsuniya sai da mai amshi." Ta ce in ina son abin na gaske in kawo mata yara, in bari sai bayan Isha'i, za ta daure wa gwiwar.

Wannan ya sauya tsarin aikin gaba ɗaya, domin yanzu kowane zama sai an nemo yara, an nemi izinin iyayensu, an kuma raka su gida.

Laraba, 17 ga Janairu

Malamin makarantar allo ta bayan gidan Hajiya ya yarda ya riƙa sallamo wasu yara daren Juma'a. Na sayi fitila mai caji, sidi 70.

Juma'a, 19 ga Janairu

Yara goma sha ɗaya suka zo, daga 'yan shekara shida zuwa sha biyu. Hajiya ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Tsakar gida ta yi tsit, har wani ƙaramin yaro ya amsa da "yoo" irin ta Twi, harshen Asante, manyan mata da ke leƙe daga madafi suka fashe da dariya. Babu ko ɗaya a cikin yaran da ya san ana cewa "ta zo mu ji ta". Sai da ta koya musu, ta sake buɗewa, sannan aka shiga.

Tatsuniyar da ta ƙare a minti biyar ranar Asabar ta ɗauki minti talatin da takwas a daren nan, alhali ba a ƙara wani sabon al'amari a cikin labarin ba. Duk ƙarin salo ne. A bakin kowane kogi yarinya tana rera tambayarta da kalmomin da ba sa sauyawa, kogin ya amsa mata cewa shi ba Bagaja ba ne, na nama ne ko na tuwo, ya yi mata tayi, ta ƙi ci ta wuce. A kogi na farko Hajiya ita kaɗai ta rera. A na biyu 'yan mata biyu suka fara binta a hankali, kafin na huɗu kuwa duk taron ne yake amshi da tafi. Da aka isa gidan cinya da kare, sai ta riƙa yin gurnanin cinyar daga maƙogwaro, sannan ta juya fuska gefe ta fassara da muryar kare, yara suna ta ƙyalƙyala. Ƙwayar shinkafa ɗaya da ƙashi ɗaya da aka ba yarinyar ta dafa suka cika tukunya, Hajiya ta nuna cikar da hannu biyu ba tare da ta ce komai ba.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne tafiyar 'yar mowa. Marubuci zai ce "ita ma ta bi hanyar" ya wuce, amma Hajiya ta sake bin kogunan ɗaya bayan ɗaya ba ta tsallake ko guda ba, kuma a nan ne daɗin yake, domin yanzu yara sun san hanya, suna jiran ganin inda za ta kauce. Da ta durƙusa ta ci naman kogi suka yi ihu, da ta zagi cinya suka kama baki, da ta zaɓi babban ƙwai wata yarinya ta ce "ta shiga uku" tun kafin a fasa shi. Maimaitawar da ke gundurar mai karatu ita ce take mai da mai sauraro abokin ba da labari.

Har ta gama ba ta ce 'yar bora mai hankali ce ba, ba ta kuma ja wa yara kunne a ƙarshe ba. Ta dai ce, "Ƙurunƙus kan ɓera, ba don Gizo ba da na yi ƙarya," ta miƙa hannu a taimaka mata ta tashi. Darasin da ake liƙa wa tatsuniya a littattafan makaranta, a ganina, ƙarin malamai ne.

Litinin, 22 ga Janairu

An shirya zama a Asawase amma babu yaron da ya zo, domin Ghana na wasa da Mozambik a gasar cin kofin Afirka. Ghana ta ci biyu, Mozambik ta farke biyun a ƙarshen lokaci, unguwa ta cika da hayaniyar da ko an zauna na'ura ba za ta ɗauki komai ba. An ɗaga zuwa Alhamis.

Alhamis, 25 ga Janairu

Inna mai koko a Asawase gwanar Gizo ce. Ta tashi a gidan haya mai ɗakuna da yawa inda Hausawa da Asante da Mosawa suke girki a tsakar gida ɗaya, kuma ana jin haka a bakinta. Ta fara da tatsuniyar Gizo da hankaki: ana yunwa, hankaki suna zuwa cin ɓaure a tsakiyar ruwa, Gizo ya roƙe su kowa ya ara masa gashi ɗaya, da aka isa ya riƙa cewa kowane ɓaure shi ya fara gani, har suka fusata suka tsige gashinsu suka bar shi, ya faɗa ruwa tsundum ya ɓulla gidan kada ya ce shi ɗan'uwa ne, ya kuma cinye musu ƙwai. Wannan duk wanda ya tashi a Kano ko Sakkwato ya san ta. Tsamin bakin Gizo ma yana nan, domin a gaban manya "yanka ya daɗe" yake cewa, yara suna birgima don dariya. Amma Inna tana ƙara masa maganar hanci, har takan matse hancinta da yatsu biyu, wannan kuwa muryar Ananse ce kamar yadda mutanen Asante suke yinta.

Ta biyu ta fi ba ni mamaki. Gizo ya tattara wayon duniya a tukunya zai ɓoye a kan bishiya, ya rataya ta a gaba ya kasa hawa, sai ɗansa ya ce ya mai da ita baya, haushi ya kama shi ya jefar da tukunyar ta fashe, wayo ya watsu. A wurin Asante wannan labarin Ananse ne da ɗansa Ntikuma. Inna ta ce daga kakarta ta ji shi da Hausa, kuma matar Gizo a cikinsa Ƙoƙi ce. Ban yi musu da ita ba, kuma ba zan ware ta a matsayin baƙuwa ba. Tatsuniyar da aka ba da Hausa tsawon zuriya uku a Asawase ta zama tamu.

Na lura yawancin labaran Gizo da "ana yunwa" ko "an yi fari" suke buɗewa. Ƙaramin da ba shi da ƙarfi yana cin manya da dabara, sannan haɗamarsa ta kayar da shi. Wannan jigo ya ratsa Afirka ta Yamma, sunan dabbar ne kawai yake sauyawa: kunkuru a wurin Yarabawa da Ibo, zomo da kura a wurin Wolof da Mosawa, gizo-gizo a wurinmu da Asante da Ga da Ewe. Kuma ba kullum ake hukunta shi ba. A tatsuniyoyin Inna sau da yawa yakan tsira ne ya haye rufin ɗaki, ta nuna wa yara saƙar da ke kusurwa ta ce ga shi can har yau.

Lahadi, 28 ga Janairu

Babban cikas. Ɗan Hajiya mai goro, wanda ya dawo daga tafiya ya ji labarin zaman Juma'a, ya aiko a kira ni. Ya yi mini magana cikin mutunci amma ba sassauci. Ya ce mahaifiyarsa ta je Makka, tana da surukai da jikoki, ba zai so a ji muryarta tana waƙa da kukan kare a Facebook ko WhatsApp ba. Ya ƙara da cewa tatsuniya ƙarya ce, kuma lokacin da yara suka ɓata a kanta na karatu ne. Na gaya masa Hajiya da bakinta ta ba da izini kuma yana cikin naɗin, ya ce ita ba ta san yadda abu yake yawo a waya ba. A nan yana da gaskiya, shi ya sa ban ja maganar ba.

Game da ƙarya kuwa, na ce masa mai tatsuniya ita ce take fara shaida wa yara cewa ba gaskiya ba ce, domin da hakan ake rufewa, kuma wanda ya ce maka ƙarya zai shara maka bai yaudare ka ba. Ya yi murmushi, amma bai janye ba. Mun tsaya a kan ba zan sake zama da ita ba, ba kuma zan ba kowa abin da na naɗa ba, sai an sake magana. Mafi kyawun abin da nake da shi ke nan ya shiga kulle, kuma na ji labarin ya kai ga ɗaya daga cikin matan da ban riga na je wurinsu ba, ta aiko cewa in dakata.

Asabar, 3 ga Fabrairu

Da yake zaman Aboabo ya tsaya, na tafi Bantama wurin wani tsohon malamin makaranta ɗan Asante, abokin mahaifina, wanda ya tara jikokinsa da maƙwabta ya yi mana anansesem, wato tatsuniyoyin Ananse. Ina jin Twi, don haka ban nemi tafinta ba.

Su ma da dare ake yi, kuma su ma suna wanke kansu daga zargin ƙarya, sai dai su a farko suke yi, mu a ƙarshe. Mai labari yakan buɗe da cewa ba da gaske ake nufi ba, ya rufe da cewa ko labarin ya yi daɗi ko bai yi ba, a ɗauki wani a tafi da shi, wani ya dawo masa. Rattray, wanda ya buga tatsuniyoyin Asante a 1930, ya bayyana cewa wannan buɗewa ce take ba mutane damar yi wa sarakuna da manya shaguɓe da sunan dabbobi ba tare da an kama su da laifi ba. Tsohon ya tabbatar mini haka yake a ƙauyensu lokacin yana yaro. Maza ma suna yi, ba a ɗauke shi aikin mata kaɗai ba.

Babban bambancin da na ji da kunnena yana wajen waƙa. A wurinmu waƙa tana cikin labari, yarinya ce ko tsuntsu ko dodo yake rera ta, kuma idan an cire ta labarin ya gurgunce. A wurinsu akwai irin wannan, amma akwai kuma mmoguo, wadda mai sauraro ne yake tsayar da mai labari ya ce ran nan yana wurin, ya ɗaga waƙa, a yi tafi har da taka rawa, sannan a mayar wa mai labari da zarensa. Sau uku wata jikarsa ta katse shi haka. Da yaro zai yi wa Hajiya mai goro wannan, da ya sha daƙuwa.

Ya ba da labarin yadda Ananse ya sayi dukan labarai daga Nyame, Ubangijin sama a wurinsu, da farashin mesa da damisa da rina da aljanar daji da suke kira mmoatia. Da 'yar tsana da aka shafe da danƙo ya kama aljanar, wadda ta mare ta don ba ta amsa gaisuwa ba, hannu ya manne. Wannan ita ce 'yar danƙon da ta kama Gizo a gona a tatsuniyarmu, sai dai a nan mai wayon ne ya ɗana tarkon, a can shi ne ya faɗa. Bayin da aka kwasa daga gaɓar tekun nan sun tafi da Ananse har Jamaika, inda ake ba da labarinsa har yau. Na kuma lura cewa a duk abin da na naɗa a Zango, Gizo bai taɓa wuce fadar sarki ba. Babu inda yake ciniki da Mahalicci. Ina ganin Musulunci ne ya shata wannan iyaka, kuma ko da Inna ta aro tukunyar wayo, ba ta aro wannan ba.

Laraba, 7 ga Fabrairu

Kwanakin nan rubutu kawai nake yi. Wata ɗaliba tana buga mini a kwamfuta, mun yi jinga sidi 400 a kan duka. Minti goma na magana yana cin fiye da awa guda.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Baba tela a Sabon Zango ya karɓe ni a shagonsa bayan Magariba, ana dafa shayi. Da na ambaci tatsuniya sai ya ce, "Wannan ta mata ce da yara. Mu labari muke bayarwa." Abin da yake nufi da labari shi ne wanda ake ɗauka ya faru: madugu da ayarin jakuna a hanyar Gwanja, rijiyoyin Salaga, 'yan fashi a mashigin kogi. Ba ya buɗewa da "ga ta nan", ba ya waƙa, yana kuma ambaton wanda ya ji daga bakinsa.

Amma da hira ta yi nisa sai ya kawo wani iri da ban sa a lissafi ba. Samari uku suna neman yarinya ɗaya. Na farko yana da madubi da ya nuna musu ta mutu, na biyu yana da buzu da ya kai su garin nan take, na uku yana da maganin da ya tashe ta. Ya tsaya a nan ya ce, "To, wa ya cancanci aurenta?" Bai ba da amsa ba, kuma ba a sa ran ya bayar. Gardamar ta ɗauki kusan awa guda, wani direba yana cewa mai buzu, wani almajiri yana cewa a tambayi yarinyar, wani kuma ya ce wanda ya tashe ta ya zama kamar uba, aure bai kamace shi ba. Irin wannan labari mai ƙarewa da tambaya ya yaɗu ƙwarai a Afirka ta Yamma, kuma a ganina horon shari'a da iya magana ne a gaban jama'a. Na bar na'ura tana aiki har aka watse, domin gardamar ita ce rabin labarin.

Da na tambaye shi wa yake yi musu tatsuniya suna yara, ya ce yayar mahaifiyarsa ce, kuma tana cikin waɗanda suka bar ƙasar a ƙarshen 1969, lokacin da gwamnatin Firayim Minista Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita. Ya ce a gidansu daga ranar ba a sake zaman dare irin wancan ba.

Alhamis, 15 ga Fabrairu

Daren Talata Inna mai koko ta ba da Ta-kitse, labarin budurwar da ta fito daga kitsen sān tsohuwa, sarki ya aure ta da sharaɗin kada ta shiga rana ko ta kusanci wuta, kishiyoyi suka tilasta mata aiki bayan ya tafi yaƙi, ta narke. Waƙoƙi uku ne a ciki, kuma yaran Asawase sun riƙe amshin sosai. Da na isa gida an ɗauke wuta, ban iya kwafewa a kwamfuta ba, washegari kuma katin ya ƙi buɗewa. Wani mai gyaran waya a Adum ya karɓi sidi 80, ya yini a kansa, ya ce ba abin da zai fito. Sauran naɗe-naɗen suna kwamfuta, wannan kaɗai ya tafi. Sabon kati, sidi 120.

Talata, 20 ga Fabrairu

Inna ta yarda ta sake Ta-kitse, kuma abin da ta bayar ba shi ne na makon jiya ba. A wancan daren tsuntsu ne ya kai wa sarki labari a fagen yaƙi, a wannan kuwa ƙanwar Ta-kitse ce ta bi sawun dawaki tana waƙa. Waƙa ɗaya ta faɗi, wata ta tsawaita. Hukuncin da sarki ya yi wa kishiyoyi, wanda ta zauna a kansa da daɗewa a karon farko, yau da jimla ɗaya ta wuce shi. Da aka watse na tambaye ta dalili, ta rage murya ta ce, "Ba ka ga wa ke zaune a bakin ƙofa ba?" Wata maƙwabciya ce da abokiyar zamanta, waɗanda ba su daɗe da shiryawa ba.

Saboda haka na ƙara wani sashe a takardar da nake cikewa bayan kowane zama: su wa suka halarta, kuma me ke faruwa a gidan. Na kuma yanke shawarar neman kowace babbar tatsuniya daga baki fiye da ɗaya, ko daga baki ɗaya a dare daban-daban, ba tare da na haɗa su na fitar da wadda zan kira ta asali ba.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Magajiya ta shiga maganar Hajiya mai goro, aka samu matsaya. Muryarta ba za ta hau intanet ba. Za a ajiye kwafi ɗaya a wurina, ɗaya a wurin iyalinta. Rubutun za a iya bugawa ba tare da suna ba, waƙoƙin kuma 'yan matan da suka koya a wurinta ne za su sake rerawa a naɗa. Ɗan nata ya ce ya ji 'yarsa tana rera waƙar kogi tana wanke-wanke, bai hana ta ba. Matar da ta ce in dakata ita ma ta aiko in zo.

Asabar, 2 ga Maris

Tatsuniyoyi ashirin da uku ne a hannu yanzu, ban da labaran Baba tela. Tara na Gizo ne. Mafi yawan sauran a kan zaman gida suke: bora da mowa, marainiya a hannun kishiyar uwa, da budurwar da ta ƙi duk manemin da ke da tabo ta auri baƙo kyakkyawa, wanda a hanya ya riƙa mayar da kayan aro har ya koma dodo. Wannan ta ƙarshe na same ta daga baki uku, kuma a biyu ƙaramin ƙanenta da ta raina ne ya cece ta. Tsohon Bantama ma ya san ta da Twi. Abin da na gani zuwa yanzu shi ne ƙashin labari bai ɓace ba, har matasa suna iya faɗin abin da ya faru a taƙaice. Abin da yake zubewa shi ne waƙa da amshi da muryoyi, kuma a cikin ashirin da ukun, bakwai an ce da suna da waƙa amma ba mai tuna ta.

Akwai abu biyu da na yanke a kan rubutu. Hausar Zango ba ta cika bambanta "ya" da "ta" ba, tana kuma ɗauke da kalmomin Twi. Ɗalibar da ke bugawa ta so ta gyara zuwa daidaitacciyar Hausa, na ce a bar kowa da bakinsa, bayanina ne kawai zai bi ƙa'ida. Na biyu ya fi nauyi. Ƙwan 'yar mowa idan ya fashe kutare da makafi ne suke fitowa a matsayin hukunci, kuma cikin yaran Aboabo akwai wanda kakansa makaho ne. A kundin ajiya zan bar shi yadda aka faɗa, domin ba aikina ba ne in gyara wa tsofaffi baki. A ɗan littafin yara kuwa zan koma wurin Hajiya in tambaye ta ko ta san wata hanyar rufewa, tunda na ga Inna tana sauya ƙarshe idan ta duba masu saurarenta.

Asabar, 9 ga Maris

An tsayar da zama sai bayan Sallah, domin dare zai koma na asham da tafsiri. Lissafi: ban da abin da na riga na ambata, goro da sukari sun ci sidi 320, biskit na yara 150, kuɗin mota 180. Jimla sidi 2,580, saura 420.

A cikin azumi za a ƙarasa bugawa, in kuma bi kowane rubutu da kunne in sa alamar inda aka rera, inda aka yi tafi, da inda yara suka tsoma baki. Bayan Sallah akwai naɗin waƙoƙin 'yan matan Aboabo, da zama da mata biyun da suka rage, da wata tsohuwa a Mossi Zango da aka ce tana ba da zomo da kura da Hausa. Ana buƙatar makirufo na biyu da za a ajiye a tsakiyar yara, domin amshinsu yana fitowa can ƙasa-ƙasa a naɗin da ake da shi. Wannan zai ci sidi 250 daga abin da ya rage. Tafiyar Salaga, inda nake fatan samun waƙoƙi bakwai ɗin nan, sai an sake neman gudummawa.